Ɗingishin da Na Ara

Ni ɗan masunta ne, daga wata tunga a bakin fadama bayan Kalgo. Yau ina faɗin haka ba tare da na duba wa ke kusa ba. Amma lokacin da aka tura ni Gwandu koyarwa, wajen ƙarshen shekarun tamanin, muna cikin jihar Sakkwato tukuna, in aka tambaye ni garinmu sai in ce wajen Birnin Kebbi, in yi maza in kawo wata magana. A makarantar kwana na sha "ƙarnin kifi" har na ƙoshi. Yaro ya toshe hanci in na zo wucewa, alhali sabulu ɗaya muke wanka da shi. Don haka na fito da takardata a hannu da Hausar rediyo a baki, na yi niyyar ba mai ƙara jin ƙarni a jikina. Fuskata ma ta taimake ni. Babana yana da zanen Kabawa har kunne, ni kuwa na yi ciwo ina jariri, wanzami ya ce a jira in warke, aka yi ta jira har na yi wayo.

Gwandu a lokacin, in an tashi makaranta an yi la'asar, saurayi marar iyali ba shi da abin yi sai zaman majalisa da kallon motocin da ke wucewa. Shi ya sa na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ba wata ƙungiya ce ta a zo a gani ba. Akwai akawu ɗaya, da wani Badakkare ma'aikacin asibiti, da wani Bafulatanin Ceberu mai koyar da lissafi, da wasu malamai biyu masu zuwa in sun ga dama, sai shugabanmu, tela. Telan Bayarabe ne haifaffen Gwandu, kakansa fatauci ya kawo shi, kuma in ya buɗe baki da karin magana sai Bahaushe ya nemi wurin zama. A shagonsa muke haɗuwa, shi ke ɗinka mana kaya, shi ke raba mu in mun yi faɗa, kuma kusan kullum sai mun yi.

Muna da doka ɗaya, tun kafin in shigo aka kafa ta: kowa ya taɓa nasa. An ce akawun ne ya taɓa fitowa a Bayarabe, ya karya harshe, ya yi ta hayaniya, jama'a suka yi dariya har da faɗuwa. Telan ya bari sai da aka watse. Sannan ya ce shi tun yana yaro yake jin wannan a kasuwa kyauta, ba zai ɓata zarensa ya ɗinka wa mutum riga don ya ƙara jin sa ba. Daga ranar, in wasa yana da Bafulatani, Bafulatani zai fito, in da Badakkare, Badakkare. Hujjar telan ita ce, kaka ba ta jin zafin tsokanar jikanta, don jika ya san inda zai tsaya. Kuma da gaske suna tsayawa. Bafulatanin yakan tsokani kunyar mutanensu, yadda baƙo zai kwana da yunwa yana rantsuwa ya ƙoshi, amma da aka ce ya ƙara da shanu sun shiga gonar wani, sai ya ce wannan ba abin dariya ba ne, shi ke raba maƙwabta. Badakkaren yakan yi wasa da shekarun da saurayinsu ke yi yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, amma ba ya taɓa abin da tsofaffinsu ke girmamawa. Muka riƙi dokar nan muna alfahari da ita, gani muke mun gano maganin zaman tare.

Wasan da ya jawo mini abin da zan faɗa tsoho ne, ya girme mu duka. A takardun kwafi muka gaje shi, sun yi ja don tsufa, shafin farko ya ɓace, don haka ko wanda ya rubuta ba mu sani ba. Matafiya ne iri-iri suka taru a mashigi, gulbi ya kawo, jirgi kuma ɗaya ne. Wannan ya ce ba zai zauna kusa da wancan ba, wancan ya ce kakan wannan a gidansu ya ci tuwo, ana ta cacar baki har rana ta yi sanyi. Daga ƙarshe dole ta sa suka shiga tare aka haye da su. Mai jirgin masunci ne, kuma maganarsa a takarda ba ta wuce layi biyar ba.

Kowa ya sami nasa, sai mai jirgi ya rasa mai shi. A saninsu ba ɗan masunta a cikinmu, ni kuwa na yi gum, na karɓi wani malami matafiyi mai buta. Aka ba akawu mai jirgi. Kwana uku ina kallon bawan Allahn nan yana riƙe filafili kamar muciya, yana juya shi a gabansa, yana wata waƙa da ba kai ba gindi. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoye wannan ba. Rana ta uku abin ya kawo mini iya wuya.

"Haba, akawu, jirgi kake tuƙawa ko tuwo? Wanda ya shiga jirginka ai sai dai a yi masa salla. Kawo nan."

Na fizge filafilin. Na nuna masa yadda ake zama a ƙarshen jirgi, yadda ake tsoma shi a gefe a ja ruwa baya, yadda mai jirgi ke duban sama da ruwa kafin ya dubi fasinja. Na tashi na taka zuwa inda matafiya suke, ban sani ba ashe ƙafata ta hagu tana ja a ƙasa. Na goge hannu sau biyu a cinya, na miƙa wa Badakkaren tsintsiyar hannu, na ce, "Awo, awo, ku shigo da bismilla." Shagon ya kwashe da dariya.

Telan ya ɗaga ƙafa daga keke ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, wannan ba a littafi ka karanto shi ba."

"Babana masunci ne," na ce.

Shi ne karo na farko da na faɗi haka a Gwandu. Na tsaya ina jiran wani ya taɓa hanci, ba wanda ya taɓa. Badakkaren ya ce, "To, doka ta hau kanka." Telan ya ce ashe da ɗan gida a hannu muke neman aro a maƙwabta. Wallahi daɗi na ji a ranar, irin daɗin wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Na koma ɗakina ina ganin yau na zama mutum.

Sai in faɗi wane ne na kwaikwaya, don mutum ɗaya ne, kuma a lokacin yana raye. Babana yana saurayi ƙayar ƙurungu ta shige masa dunduniya, wurin ya ruɓe, ya warke ya bar shi da jan ƙafa. Goge hannun kuma ladabi ne. Kullum hannunsa cikin kifi yake, ba ya son ya shafa wa mutum ƙarni, shi ya sa yake ba da tsintsiyar hannu ko da ranar Juma'a ce ya yi wanka. In ruwa ya ci mutum ko saniya, daga Kalgo har wajen Diggi shi ake aika wa, ya nutse ya fito da abin da kowa ya haƙura da shi. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ba ya dubana ido cikin ido, magana ma in Inna na kusa ta bakinta yake aiko mini. Duk da haka na san motsinsa kamar yunwar cikina.

Ranar Asabar na shiga mota, na biyo ta Birnin Kebbi, na tafi gida aron kaya: malfa, da gora, da tsohuwar homa, wato ragar hannu. Na same shi yana ɗinkin taru a inuwa, Inna na gefe tana tsintar shinkafa.

"Tambaye shi mi za shi yi da su," ya ce mata. "Ko makarantar ta koma kamun kifi?"

Na ce wasa za mu yi, za mu nuna wa mutanen Gwandu yadda masunta suke. Ya ci gaba da jan zarensa. Can ya ce wa Inna, "Ce mai shi bar tsohuwar, shi ɗauki sabuwa. Kar a ce masuntan Kalgo ba su da kaya." Ya haɗa mini da ƙunshin bandar kifi in kai wa abokan aikina. A shagon telan muka cinye shi da yaji, kowa na cewa a gai da Baba.

Mun fara nunawa a filin makarantarmu bayan la'asar, zana a bayanmu, jirgin kwali a gabanmu. Na zana fuskata da gawayi irin zanen Baba. Niyyata in yi layina biyar in sauka. Amma ina jan ƙafa sau ɗaya filin ya ɗauka. Da na goge hannu na ba da tsintsiya, wani dattijo sai da ya zame daga benci. Wanda bai taɓa tsayawa gaban taro ana dariya saboda shi ba, kada ya yi mini wa'azi. Abin yana shiga kai. Ni da na yi shekaru ina laɓe-laɓe, yau ga ni ana nuna ni da yatsa ana murna.

Daga nan kowace fitowa sai na ƙara gishiri. Layi biyar ya koma ashirin. Na sa mai jirgi yana shinshina hannunsa kafin ya miƙa. Na sa matafiya suna toshe hanci in ya matso, ni da kaina na koya musu, ni da na san zafin abin. Na ƙara wa ɗingishin tsawo har da juya ƙugu. Ya zamana mutane ba don hayewa gulbi suke zuwa ba, mai jirgi suke zuwa gani, in wasu na magana har cewa ake su yi sauri. A kasuwa mahauci ya ƙara mini tsoka, 'yan kabu-kabu suna kirana Mai Jirgi.

Sau ɗaya telan ya yi mini magana. Muna mu biyu a shago, yana datse zare da haƙori.

"Malam, na sake duba takardun nan. Mai jirgin nan fa ba wawa ba ne. Duk wasan shi kaɗai ne mai hankali, shi ya sa ba ya yawan magana."

Raina ya ɓaci, don na san gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ba kai ka kafa doka ba? Kowa ya taɓa nasa. Wannan nawa ne, in na ga dama in dafa, in na ga dama in soya."

"Naka ne," ya ce, ya mai da kai kan keke.

Wasan ya yi suna, aka kai mu ƙauyuka biyu uku. Sai ga saƙo daga wani hedimasta a Kalgo, yana so mu zo ranar rabon kyaututtuka. Tun da na ji na fara neman hanyar zillewa. Na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba, aka ce za a taya ni. Na ce ƙafata na ciwo, Bafulatanin ya ce ai ciwon ƙafa shi ne sana'ata. Ba yadda za a yi wasan ba mai jirgi, kuma dokarmu ta hana wani ya karɓa. Sai na zauna na lallashi kaina. Lokacin janyewar ruwa ne, masunta tun asuba suna gulbi sai magariba. Tungarmu tafiyar awa guda ce daga gari. Baba bai taɓa zuwa taron 'yan boko ba, ko ranar da na gama makaranta bai zo ba. Kuma na yi alkawari tsakanina da Allah, a Kalgo layi biyar ɗin nan zan yi, da tafiyata ta kaina. Ban aika gida cewa muna zuwa ba.

Aka ɗaure jirgin kwali a saman bas muka kama hanya. Abokaina suna ta waƙa da tsokanar direba, ni ina kallon gonaki.

Filin ya cika, manya a kujeru, mata a gefe ɗaya, masu gyaɗa da rake suna zagayawa. Aka fara. Bafulatanin ya fito da sandarsa a wuya aka yi dariya, Badakkaren ya fito aka yi dariya, telan ya tsokani nasa daidai gwargwado ya koma gefe. Sai ni. Na fito a miƙe, na faɗi layina yadda yake a takarda. Shiru. Wani jariri yana kuka, wata tana kiran mai rake. Na faɗi na biyu, nan ma shiru. Akawu, wanda yanzu shi ne malami mai buta, ya matso ya raɗa mini, "Lafiya, Malam? Za ka kashe mana wasa."

Wanda ya saba da tafi, shirun taro ya fi masa mari zafi. Zufa ta karyo mini, gawayin ya fara narkewa a kumatuna. Na bi benci-benci da ido, na bi layin manya, na bi masu tsayuwa a gefe. Na ga fuskokin da na sani, amma ban ga kowa daga tungarmu ba. Na ce a raina, taku ɗaya kawai, don a farka.

Na ja ƙafar.

Dariya ta zo, amma ba irin ta Gwandu ba. Sai da aka fara yin wani "af" a tare, sannan wata mata ta ce da ƙarfi, "Wallahi shi na." Wani ya kira laƙabin da ake kiran Baba da shi a kasuwar kifi. A Gwandu masunci suke yi wa dariya, kowane masunci, wanda ba shi da gida balle 'ya'ya. A Kalgo sun san mai ƙafar. Sai na ga kawuna suna juyawa baya, layi bayan layi, zuwa gindin wani itacen dogon yaro da ke bakin hanya, inda ban duba ba.

Baba yana tsaye can cikin rigarsa ta Juma'a. Daga baya na ji wani direba ne ya gaya masa ɗansa zai yi wasa a gari. Ya bar ruwa a ranar da kifi ke kamuwa, ya yi wanka, ya tako awa guda. Bai matso benci ba, don a ganinsa ba irinsu aka ajiye wa ba.

Ina ma in ce na tsaya. Ban tsaya ba. Jikina ya riga ya haddace abin, ya ci gaba da kansa. Na goge hannu a cinya, na shinshina, matafiya suka toshe hanci yadda na koya musu. Duk lokacin da na saci kallo, bakinsa a buɗe yake kamar mai dariya, mutane suna dafa kafaɗarsa suna nuno ni. Muka haye gulbin, aka yi tafi mai yawa.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne bayan an gama. Ladabi ya sa dole ya zo ya gai da baƙi, kuma tsakanin itacen nan da inda muke akwai filin ƙwallo guda. Jama'a suka dare masa hanya. Ya taho yana jan ƙafa, shi kaɗai, kowa na kallo, ana gwada tasa da tawa. Wasu suka fara tafi. Ya yi ƙoƙarin daidaita takunsa, abin ya ƙara fitowa. Ni ina tsaye da malfarsa a kaina, gawayi na zubo mini a wuya.

Da ya iso gaban telan, hannunsa ya tafi cinya, sai ya tsaya, ya mai da shi baya ya riƙe da ɗayan.

"Sannunku da aiki," ya ce. "Kun iya, wallahi kun iya." Bai dube ni ba, ya ci gaba da magana da telan. "Ni da nike cewa yaron ga tun da yat tahi boko bai damu da mu ba. Ashe dut yana kallo."

Telan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a yi haƙuri da mu."

"Haƙurin mi? Ai wasa na."

Nan ya tsaya bai ƙara motsi ba, har muka loda kaya motarmu ta tashi. A hanya ba wanda ya yi waƙa. Na so telan ya ce ai ya gaya mini, in sami wanda zan yi wa masifa, bai ba ni wannan damar ba. Sai da muka sauka a Gwandu ya ce, "Ka mai da masa kayansa."

Sai da na yi mako uku kafin in iya. Na same shi zaune a tabarma. Na ajiye kayan, na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini."

Wannan karon kai tsaye ya ba ni amsa, ba ta bakin Inna ba, kuma da sunan da bai taɓa kirana da shi ba. "Mi ka yi, Malam? Wasa na. Ba a hushi da wasa."

Nan ya ɗaure ni. A wurinmu wanda ya yi fushi da wasa shi ne ƙaramin mutum, don haka ba zai ce ya ji zafi ba. Wanda bai yarda an yi masa laifi ba kuwa, ta ina zai yafe? Na yi ta maimaitawa, yana ta cewa ba komai, har na gaji na tashi.

Inna ce ta fasa mini, tana juya kifi a kan wuta, ko dubana ba ta yi ba. Ta ce tun ranar, in ya shiga kasuwar Kalgo sai samari su bi bayansa suna jan ƙafa, masu sayen kifi su toshe hanci suna dariya, su ce ai ɗansa ma ya faɗa. Ya bar kai kifi kasuwa, ƙanensa yake ba. "Shekara da shekaru mutumin ga yana tahiya da ƙafar nan, ba wanda yag gani," ta ce. "Sai da kaz zo ka nuna musu."

Na ajiye mai jirgi. Na ce ko a cire shi, ko a mai da shi yadda yake a takarda. Suka gwada sau ɗaya, jama'a suka fara watsewa tun ba a haye ba. Sai akawu ya karɓa, da ɗingishin da komai, yana kwaikwayon yadda nake kwaikwayon ubana. Na tayar da jijiyar wuya, na ce ina doka? Akawu ya ce ai ni na buɗe ƙofa, kuma abin da jama'a ke so ke nan. Telan ya goyi bayana, aka rinjaye mu, shi ma ya gaji ya bar musu. Nan dokar ta mutu, ba wanda ya yi mata ta'aziyya, ni ma ban yi ba. Mun zaci in mutum ya taɓa nasa da tausayi zai taɓa. Alhali da tun farko an bar akawu da muciyarsa, ba masuncin da zai ji ciwo, don bai san kowa ba. Ni kuwa na san mutumin da zan taɓa, na san kuma inda zan taɓa shi.

Bayan shekaru, an ba mu jiharmu ta Kebbi, an mai da ni wata makaranta, na je kallon wasan ɗalibai sai ga mai jirgi ya fito yana jan ƙafar hagu. Na tambayi malaminsu me ya sa. Ya ce haka ake yin sa tun asali, haka yake a littafi. Ban yi gardama ba, a lokacin na gaji da gardama.

Abin da ya shiga tsakanina da Baba kuwa, na daɗe ban lura ba. Kullum na je gida a zaune nake samun sa. In an hango ni daga nesa, kafin in iso ya riga ya zauna, riga a jiki, hannuwa a kan gwiwa. Yana karɓata da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali bayan na yi aure, ya sa a zaɓo mini kifi mai kyau. In lokacin salla ya yi sai ya ce, "Wuce, Malam, ina nan tahe." In na wuce, sai dai in gan shi a sahu. In zan koma, daga zaune yake sallamata.

Ranar da abin ya faɗo mini, na ce bari in gwada. Aka kira la'asar na ƙi tashi, na yi kamar ina neman wani abu a jaka. Shi ma bai tashi ba. Muka zauna, ina jira yana jira, har aka tayar da iƙama, mutumin da bai saba rasa sahu ba. Can ya ce in shiga ciki in kai wa Inna wani saƙo da ba shi da kai. Kafin in fito ya tafi. Na tsaya a tsakar gida kunya ta rufe ni, na sa dattijo ya kusa rasa jam'i don kawai in tabbatar da abin da na riga na sani. Ban ƙara gwadawa ba.

Wani lokaci haushinsa nake ji, ba zan ɓoye ba. In ce a raina, wannan wane irin mutum ne, ya zage ni mana, ya ɗaga hannu ya mare ni, a wuce wurin. Ƙannena suna ganin sa yana kai da kawo, matata ta gan shi, 'ya'yana suna bin sa har bakin ruwa. Ni kaɗai ne ba zai yi tafiya a gabana ba. Na kai masa takalma, na kai masa magani, na yi masa rufin kwano, duk daga zaune yake sa mini albarka. Haka muka yi kusan shekara goma.

Ciwonsa na ƙarshe da damina ya zo. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, aka aiko mini. Na ɗauki shatar mota, ƙanensa da wasu maza biyu suka tallabo shi daga ɗaki suka sa shi a ciki. Muka isa asibiti a Birnin Kebbi da hantsi. Mota ta tsaya a bakin ƙofa, daga nan zuwa inda ake ganin likita akwai 'yar tafiya. Ƙanensa ya yi gaba karɓo kati, aka bar ni da shi. Ya sauko da ƙyar, ya dafa mota, ya dafa sanda, jikinsa na rawa. Na kai hannu zan riƙe shi.

"Wuce gaba, Malam."

"Baba, ba za ka iya ba. Don girman Allah ka bari in riƙe ka."

Ya tsaya yana mai da numfashi, idonsa a ƙasa. Na ga in na dage, nan zai tsaya a rana har ya faɗi.

"Wuce," ya ce. "Ina nan tahe."

Na wuce. Na rage tafiya iyakar yadda mutum zai iya ragewa, ina jin ƙarar sanda, ina jin ƙafar tana ja a kan siminti, ta tsaya, ta sake ja. Wata ma'aikaciyar jinya da ta zo wucewa ta dube ni, ta dubi bayana, ta ce, "Kai malam, ba ka da tausayi? Ba ubanka ba ne?"

Na ce mata ubana ne. Ban waiwaya ba.